Baranda da Titi: Tarihi da Gadon Otal ɗin Norfolk na Nairobi

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun otal ɗin Norfolk da ke Nairobi, babban birnin Kenya, tun daga buɗe shi ranar Kirsimeti ta 1904 har zuwa sake buɗe shi bayan annobar korona. Ta dubi yadda ya zama matattarar Turawa 'yan kama-wuri-zauna, ta daɗe a kan harbin masu zanga-zanga da aka yi a ƙofarsa cikin Maris 1922, sannan ta taɓo harin bam na 1980 da yawan sauya hannu da ya yi. Hujjar da take kafawa ita ce, otal wurin kasuwanci ne, abin da zai sayu shi yake adanawa daga tarihinsa. Saboda haka ba a fahimtar gadon Norfolk idan an tsaya a cikin katangarsa, sai an haɗa da titin da ke gabansa da ma'aikatan da ke bayansa.

1.0 Gabatarwa

Idan ana maganar gine-ginen da mulkin mallaka ya bari a Afirka, hankali yakan tafi kan gidan gwamna, da kotu, da gidan yari, da tashar jirgin ƙasa. Otal ba ya cika shigowa lissafi. Ana ganinsa wurin kwana da cin abinci kawai, alhali a ƙasashen da Turawa suka zo da niyyar zama, a otal ake ƙulla yawancin abin da daga baya gidan gwamna zai sa wa hannu. A nan ake cinikin gona, a nan ake neman bashi, a nan ake shirya takardar koke, a nan kuma ake tsara yadda za a matsa wa gwamnati ta samar da leburori.

Akwai wani bambanci kuma. Gidan yarin da aka daina amfani da shi ana iya mayar da shi gidan tarihi, gwamnati ta riƙa biyan mai gadi da mai shara. Otal kuwa dole ya ci da kansa. Ranar da baƙo ya daina biyan kuɗin ɗaki, ranar tarihinsa ya fara zubewa tare da fentinsa. Wannan larura ce ke yanke hukunci kan abin da za a rataye a bango da abin da za a bari a sito, kuma ita wannan maƙala ta sa a gaba, ta hanyar misali guda.

2.0 Garin da layin dogo ya haifa

Kafin 1899 babu gari a inda Nairobi take. Fadama ce da makiyayan Masai ke shayar da dabbobi, a bakin ƙasar noman Kikuyu. Layin dogon da Ingila ta fara shimfiɗawa daga Mombasa a 1896 ya iso wurin a 1899, injiniyoyi suka ga fili ne shimfiɗaɗɗe mai ruwa, na ƙarshe kafin a fara hawan tsaunuka, sai suka kafa sansani da ma'ajiyar kaya. Layin ya kai gaɓar tafkin Victoria a 1901. An kawo leburori kimanin 32,000 daga Indiya don wannan aiki, kusan 2,500 daga cikinsu a nan suka mutu.

Da aka gama aikin sai tambayar kuɗi ta taso. An kashe sama da fam miliyan 5, ga shi babu kayan da jirgin zai ɗauko da za su mayar da kuɗin. Amsar da Kwamishina Charles Eliot ya bayar ita ce a kawo Turawa manoma a ba su ƙasar tuddai mai sanyi. Dokar filaye ta 1902 ta buɗe ƙofa, mutane suka fara kwararowa daga Ingila da Afirka ta Kudu. Garin da suke sauka a cikinsa kuwa tarin rumfunan kwano ne a cikin taɓo, har annoba ta sa hukuma ta ƙone kasuwar Indiyawa ƙurmus a 1902. Mai kuɗin da ya sauko daga jirgi yana neman eka dubu goma yana bukatar gado mai tsabta da ruwan wanka mai zafi kafin ya shiga daji. Wannan giɓi ne Manjo C. G. R. Ringer da abokin kasuwancinsa R. Aylmer Winearls suka cike da ginin dutse mai ɗakunan da ba su kai arba'in ba, a gefen gari, nesa kaɗan da hayaniyar kasuwa.

Shekarar da aka buɗe shi abin lura ce. A 1904 ɗin ne aka sa shugabannin Masai suka amince da yarjejeniyar da ta tashe su daga makiyayarsu ta Naivasha da kewaye, aka tura wasu Laikipia, wasu kudu. Ƙasar da suka bari ita ce hajar da baƙin Norfolk na farko suka zo saye. Otal ɗin da yarjejeniyar tagwaye ne, buƙata ɗaya ta haife su.

3.0 Majalisar da ba wanda ya zaɓa

Cikin 'yan shekaru Norfolk ya yi suna har ana yi masa laƙabi da majalisar sarakunan Ingila, saboda yawan masu sarautar gado da ke sauka a cikinsa. Jagoransu shi ne Lord Delamere, wanda aka ba eka 100,000 a Njoro a 1903. Mutum ne mai naci, ya narkar da dukiyarsa wajen gwajin tumaki da alkama har ya gano irin da ƙasar za ta karɓa, kuma mutum ne mai zafin kai da ba ya ganin kowa da gashi. A 1908 ya ja zugar Turawa manoma zuwa gidan gwamna suna neman Gwamna Sadler ya sauka, don kawai gwamnati ta fito da ƙa'idojin da suka rage tilasta wa 'yan ƙasa aiki. Labaran da ake bayarwa game da shi a Norfolk, na harbin kwalabe a mashaya da tseren kekunan ja a makon sukuwa, sun zama jarin otal ɗin. Ana ba da su cikin raha, a matsayin ƙuruciyar manya.

A tsakar gidan otal ɗin an daɗe ana baje wasu tsofaffin abubuwan hawa don baƙi su gani: amalanken shanu, da tsohuwar mota ƙirar Ford, da keken ja. Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Kujera ce mai laima a kan ƙafafu biyu dogaye, da sanduna biyu a gaba inda mutum zai shiga tsakani ya riƙe, wani lokaci da na biyu a baya yana turawa. Da shi ake ɗauko baƙo daga tasha zuwa otal, a kan hanyar da ƙura ke cika ta da rani, taɓo da damina. Baƙon yau yana ganin kujerar, ya yi hoto a gefenta. Tsakanin sandunan nan biyu babu kowa, kuma wurin da babu kowan shi ne rabin tarihin abin. A Maris 1907 Ewart Grogan, shugaban ƙungiyar Turawa mazauna, ya kai wasu 'yan Kikuyu uku masu jan irin wannan keke gaban kotun Nairobi, aka yi musu bulala a bainar jama'a bisa zargin sun yi wa mata Turawa rashin ladabi. Hukuncin da ya samu ɗaurin wata ɗaya ne da tara, ya fito Turawan gari suna yi masa kallon gwarzo.

Sana'ar farauta ita ta kai sunan otal ɗin ƙetare. A 1909 tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya zo da ɗansa Kermit, da ɗaruruwan 'yan dako, don tara wa cibiyar Smithsonian dabbobi. Bisa lissafin da shi kansa ya wallafa, su biyun sun harbe manyan dabbobi 512. Bayan wannan tafiya attajiran Amurka da Turai suka ɗauki Nairobi mafarin balaguron daji, Norfolk kuma zangon farko da na ƙarshe. Har yau sunan Roosevelt da na Winston Churchill, wanda ya ziyarci ƙasar a 1907, su ne kan gaba idan ana lissafa manyan baƙinsa.

A nan akwai mahaɗa da tarihinmu da bai kamata a wuce ta ba. Gwamnan da ya karɓi wannan ƙasa a 1909, Percy Girouard, daga Arewacin Nijeriya aka ɗauko shi, inda ya gaji Lugga a 1907 kuma ya tsara layin dogon Baro zuwa Kano. A Arewa ya goyi bayan manufar da ta zama dokar filaye ta 1910, wadda ta hana mallaka wa baƙi ƙasa. Da ya isa Gabashin Afirka sai ga shi ya tsaya wa Turawa manoma, a zamaninsa aka sake tashin Masai daga Laikipia a 1911 duk da alkawarin 1904, rigimar da ta kai shi ga ajiye aiki a 1912. Mutum ɗaya ne, manufa biyu, domin a Gabashin Afirka akwai Turawan da suka zo zama, a Arewa kuwa ma'aikata ne masu jiran hutu su koma gida. Wannan ne ya sa abin da mulkin mallaka ya fi bari a garuruwan Arewa shi ne gidajen saukar baƙi na gwamnati da kulob a bariki. Inda aka samu abin da ya yi kama da Norfolk, kamar Hill Station na Jos, za a tarar wuri ne da haƙar kuza da sanyin tudu suka tara Turawa masu zaman kansu.

4.0 Ranar 16 ga Maris 1922

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya abubuwa suka taru suka yi wa 'yan ƙasa yawa. A 1919 Gwamna Edward Northey ya fitar da umarnin da ya sa jami'ai da hakimai su matsa wa mutane zuwa aiki a gonakin Turawa, har da mata da yara. A 1920 ƙasar ta zama cikakkiyar mallakar Ingila da sunan Kenya, aka ƙara haraji, aka kuma tilasta wa kowane namiji baligi rataya kipande, wato ɗan ƙaramin gwangwani a wuya mai ɗauke da takardar sunansa da zanen yatsunsa da bayanin wanda yake yi wa aiki. Wanda ya bar aiki ba tare da sa hannun ubangidansa ba ya zama mai laifi. A 1921 kuma manoman suka haɗa baki suka zaftare kashi ɗaya cikin uku na albashin leburori.

Harry Thuku matashi ne ɗan Kikuyu da ya yi karatu a mishan, ya yi aikin jera haruffa a wata jaridar Turawa, sannan ya zama ma'aikaci a baitulmali. A 1921 ya jagoranci kafa ƙungiyar East African Association, wadda ba ta tsaya ga ƙabila ɗaya ba, kuma ta sami gindin zama a Pangani, unguwar da Musulmi suka fi yawa a cikinta. Ya riƙa zagaya ƙauyuka da mota yana magana kan kipande da haraji da ƙwace filaye, musamman kan tilasta wa 'yan mata aikin tsinkar kofi da gyaran hanya, inda ake cin zarafinsu. Wannan ya sa mata suka riƙe shi nasu. Ranar 14 ga Maris 1922 aka kama shi, aka tsare a barikin 'yan sanda da ke daf da Norfolk.

Washegari ma'aikatan gari suka ajiye aiki, jama'a suka taru a gaban barikin, wasu suka kwana a wurin suna addu'a. Zuwa safiyar 16 ga wata an ƙiyasta taron ya kai mutum 7,000 zuwa 8,000. Aka tura wakilai shida su gana da Sakataren Mulki, Charles Bowring. Da suka dawo suka ce an yi alkawarin za a yi wa Thuku adalci, kowa ya watse, sai maza suka fara miƙewa. Mata suka ce an saye wakilan. A nan ne wata mata mai suna Muthoni Nyanjiru ta fito gaba, ta yaye tufarta a gaban mazan, wanda a al'adar Kikuyu shi ne mafi munin tsinuwar da uwa za ta yi, ta ce su karɓi zanenta su ba ta wandonsu tunda sun kasa. Mata suka yi guɗa, taro ya dunfari shingen, 'yan sandan da suka kwana a tsaye da bindiga suka buɗe wuta. Nyanjiru na cikin waɗanda suka fara faɗuwa.

Gwamnati ta ce mutum 21 suka mutu, huɗu daga ciki mata, binciken da ta yi kuma ya wanke 'yan sanda. 'Yan Afirka da suka ga abin da idonsu sun dage cewa adadin ya fi haka nesa ba kusa ba. Sun kuma ruwaito wani abu da rahoton hukuma bai ɗauka ba: cewa Turawan da ke zaune a barandar Norfolk suna shaye-shaye sun ɗauko bindigoginsu suka riƙa harbin masu gudu ta baya. Wannan riwaya ta shiga rubutattun tarihin siyasar Kenya, kuma Audrey Wipper ta yi nazari mai zurfi kan rawar da mata suka taka a ranar a wata maƙala ta 1989.

Mai nazari zai iya tsayawa yana auna riwayar baka da rahoton hukuma, kuma aikinsa ne ya yi hakan. Sai dai a tuna wane ne ya rubuta rahoton. Hukumar da 'yan sandanta suka yi harbin ita ta naɗa mai bincike, a garin da ɗan ƙasa ba ya iya shiga otal ɗin sai da rigar aiki. A ganina, ko da an ajiye batun harbi daga baranda gefe guda, abin da ba a jayayya a kansa ya isa: an kashe mutane da dama da rana tsaka a gaban wurin shaƙatawar masu mulki, saboda dokokin aikin da masu zama a wannan wuri suka matsa aka kafa. Alaƙar otal ɗin da jinin ranar ba ta rataya ga harsashi kaɗai ba.

Thuku kuwa aka kai shi Kismayu ba tare da shari'a ba, ya shafe kusan shekara tara a tsare a wurare daban-daban. Da ya dawo ya sassauto, ya zama babban manomin kofi, har ya fito fili ya soki 'yan Mau Mau masu yaƙar mulkin Turawa a shekarun 1950, abin da ya sa da yawa suka juya masa baya. Ya rasu a 1970. Bayan 'yancin kai, titin da ya wuce ta ƙofar Norfolk aka sa masa sunansa. Duk wasiƙar da otal ɗin zai aika, da duk baƙon da zai ba direba adireshi, sai an ambaci Harry Thuku. Matar da ta mutu a kan titin ba ta sami wannan ba.

5.0 Daga iyalin Block zuwa bam

A 1927 otal ɗin ya koma hannun Abraham Block, Bayahude ɗan asalin Lituweniya da ya iso ta Afirka ta Kudu a 1903, lokacin da Ingila ke tunanin ba Yahudawa wani yanki na tuddan ƙasar, shawarar da su Delamere suka yaƙa da dukkan ƙarfinsu. Ya fara da ƙaramar gona da fatauci, ya ƙare da mallakar wurin da masu ƙyamar zuwan irinsa ke taruwa. Shi da 'ya'yansa suka gina kamfanin otal-otal mafi girma a ƙasar. A zamaninsu aka yi ta faɗaɗa ginin, a zamaninsu kuma aka kawo ƙarshen wariyar launin fata a otal-otal na Nairobi, gab da samun 'yancin kai a 1963.

Daren jajiberin sabuwar shekara, 31 ga Disamba 1980, bam ya tashi a wani ɗaki da ke saman zauren cin abinci ana tsakiyar liyafa. Kimanin mutum 20 suka mutu, sama da 80 suka jikkata, wani sashe na ginin ya rushe. Hukumomin Kenya sun ɗora laifin a kan wani ɗan Maroko da ya kama ɗakin ya bar ƙasar kafin fashewar, suka danganta shi da wata ƙungiyar Falasɗinawa, aka kuma fassara harin a matsayin ramuwa kan taimakon da Kenya ta ba Isra'ila a farmakin Entebbe na 1976. An sake gina sashen, aka ci gaba da kasuwa.

Daga nan sai sauyin hannu. Otal ɗin ya shiga hannun Lonrho, kamfanin da asalinsa na haƙar ma'adinai da filaye ne a Rodeshiya. A 2005 kamfanin Yarima Alwaleed bin Talal na Saudiyya ya saye shi, aka ba Fairmont gudanarwa, Fairmont ɗin kuma Accor na Faransa ya haɗiye shi a 2016. A 2020 rukunin Chaudhary na Nepal ya karɓa.

6.0 Me aka gada?

Idan gado na nufin dutse da katako, kaɗan ne ya rage daga ginin Ringer. An rushe, an ƙara, bam ya ci wani sashe, an yi gyare-gyare bi da bi. Idan kuma ana nufin mallaka, ta bi ta hannun Bature da Bayahude da Balarabe da mutumin Nepal. Abin da bai yanke ba tun 1904 shi ne suna, da wuri, da labari. Labarin ne ainihin kadarar da kowane mai saye yake biya, shi ya sa ba wanda ya taɓa jefar da sunan.

Shi kuma labarin zaɓaɓɓe ne. Yana kama da jeren ɗakin amarya: kwanoni masu ƙyalli a gaba inda 'yan ganin ɗaki za su yaba, tukunyar da ke ciyar da gidan tana can madafa da baƙinta. Littafin da Jan Hemsing ta rubuta kan otal ɗin a shekarun 1970 ya tattara labarai masu amfani ƙwarai, amma duniyar baƙi ce yake nunawa. Da fim ɗin Out of Africa ya fito a 1985 ya kwashe lambobin Oscar bakwai, sai kasuwar wannan irin tunawa ta buɗe sosai. Masu yawon buɗe ido suka riƙa zuwa neman Kenya ta Karen Blixen, wadda fim ɗin ya ba da labarinta, ta farin kaki da fitilar ƙwai da boyi mai farar riga. Gwamnatin 'yantacciyar Kenya ta cire mutum-mutumin Delamere daga tsakiyar gari, ta mayar da titin da ke ɗauke da sunansa titin Kenyatta. A cikin otal kuwa barandar ta ci gaba da amsa sunan Lord Delamere shekaru da dama bayan haka, 'yan siyasa da 'yan kasuwar sabuwar Kenya suna zama a kanta suna shan shayi. Hukuma ta karɓe titi, ta bar wa kasuwa baranda.

Ba na cikin masu ganin maganin wannan shi ne a rushe ko a goge suna. Rushe Norfolk zai kawar da shaida mafi ƙarfi da ta rage ta yadda garin yake a 1922, ya bar fili ga wani dogon benen gilashi. Goge suna kuma sau da yawa yana sauƙaƙa wa mai kasuwa ne, ya huta da tambaya. Abin da nake ganin ya fi shi ne a faɗaɗa abin da ake kira wurin tarihin. Wanda ya tsaya a ƙofar otal ɗin, gidan wasan kwaikwayo na ƙasa yana fuskantarsa a tsallaken titi. An buɗe shi a 1952, shekarar da aka kafa dokar ta-ɓaci kan Mau Mau, kuma ya daɗe a hannun Turawa ko bayan 'yanci. A 1976 sai da aka yi ja-in-ja kafin Ngugi wa Thiong'o da Micere Mugo su sami 'yan kwanaki su nuna wasansu kan shari'ar jagoran Mau Mau Dedan Kimathi, Ngugi kuma ya yi rubutu kan ma'anar zaman wannan dandali kusa da Norfolk da ofishin 'yan sanda. Gaba kaɗan ga Jami'ar Nairobi, wadda ta faro a matsayin kwalejin fasaha a 1956, ga kuma gidan rediyo da talabijin na ƙasa a kan titin guda. Cikin tafiyar minti goma a ƙasa mutum zai ratsa wurin shaƙatawar masu mulki, da wurin da aka harbi talakawansu, da wuraren da jikokin waɗanda aka harba suka koyi mayar da magana. Dokar gidajen tarihi da kayan gado ta Kenya ta 2006 ta ba hukuma ikon ayyana wuri, ba gini kaɗai ba, a matsayin abin kiyayewa. Wannan titi ya cika sharaɗin.

Akwai misali a cikin garin na yadda ake riƙe gini irin wannan ba tare da an yi masa kwalliyar ƙarya ba. Ɗakin karatu na McMillan, wanda aka buɗe a 1931 don Turawa zalla, wata ƙungiya mai suna Book Bunk ta ɗauki gyaransa tare da hukumar birnin. Ba su ɓoye asalinsa ba. Sun tattara tsofaffin hotuna da jaridun da ke cikinsa suna mayar da su na kwamfuta, suna kuma ƙara littattafan marubutan Afirka da harsunan ƙasar. Bambancin shi ne ɗakin karatu mallakar jama'a ne, Norfolk kuwa yana da masu hannun jari. Ba za a sa ran kamfani ya rataye abin da yake tsoron zai kori baƙo ba, sai an nuna masa cewa baƙon ya canza. Kuma ya canza: yawancin masu cika zaurukan manyan otal-otal na Nairobi a yau mahalarta taruka ne da 'yan kasuwa, da yawansu 'yan Afirka, waɗanda labarin Nyanjiru zai fi taɓa su fiye da na harbin kwalabe.

7.0 Ma'aikata

Saura rukuni na uku, waɗanda ba sa kan baranda kuma ba sa kan titi. Tun ranar farko akwai masu dafa abinci, da masu wanki da guga, da masu ɗebo ruwa da hura wutar wanka, da masu jan keke. A otal-otal na Gabashin Afirka na wancan zamani mutanen Goa ne suka fi riƙe kicin da kula da zaure, 'yan ƙasa kuma suna ƙarƙashinsu, kowa da matsayinsa da albashinsa gwargwadon launinsa. Su ne suka fi kowa daɗewa a cikin ginin. Baƙo yana kwana uku ya tafi, mai otal yana shekara ashirin ya sayar, ma'aikaci kuwa yakan shiga da ƙuruciya ya fita da furfura. Shi ya san wane ɗaki ne ke yoyo, wane bango ne na asali, wane baƙo ne ba a so a tuna.

Matsayinsu ya fito fili a 2020. Da korona ta tsayar da zirga-zirga, otal ɗin ya rufe, a watan Mayu kuma hukumarsa ta fitar da takardar sallamar dukkan ma'aikata. Sai da jama'a suka yi ca, gwamnati ta nemi bayani, sannan aka janye takardar. Ƙofar ba ta sake buɗewa ba sai a 2022. A tsawon wannan rufewa kekunan tsakar gida da hotunan bango suna nan inda suke, ba abin da ya same su. Abin da ya shiga haɗari shi ne ilimin da ke kan mutane.

Don haka aikin da ya fi gaggawa ga masu nazarin wannan fanni, a Nairobi ko a Jos, na naɗar murya ne. Waɗanda suka fara aiki a irin waɗannan wurare a ƙarshen zamanin Turawa, suka ga ranar da aka fara barin baƙar fata ya zauna a teburi, yanzu sun haura shekara tamanin. Waɗanda suka kwashe gawarwaki a daren bam na 1980 su ma sun manyanta. Sashen tarihi na Jami'ar Nairobi yana 'yan taku kaɗan daga ƙofar otal ɗin, kuma rajistar ma'aikata da littattafan albashi, inda suka tsira, za su nuna sunayen da za a fara nema da ƙauyukan da suka koma.